Injin da Ƙafar Auta ta Zaɓa

Tun ranar da iska ta kayar da mangwaron tsakar gida, Inna ta daina fitowa. Da hannunta ta dasa shi tun tana da ƙuruciya, a gindinsa ta yi renon 'ya'yanta, nan take cin abinci, nan take gyangyaɗi, nan take zazzaga wa jikoki faɗa. Da ya faɗi sai ta ɗaga labulen taga, ta gan shi kwance saiwoyi a sama, ta saki labulen, shi ke nan. Abinci kuwa yadda aka kai haka ake dawowa da shi. Ta ɗan tsakura ta ture, ta ce bakinta babu daɗi. Likita ya zo ya dudduba, ya ce bai ga ciwo ba, a dai riƙa lallashinta ta ci. Lallashi! Wanda ya ce a lallashi Inna ai bai taɓa zama da ita ba. Ana ji ana gani tsohuwa ta fara zubewa, har zobenta ya soma yawo a yatsa.

Auta, ƙaramar 'yarta, ita abin ya fi ci wa rai. Sunan ne dai ya maƙale mata, amma mace ce da ta ba arba'in baya. Tela ce, ta daɗe a kan keken ɗinki a ɗan shagonta na ƙofar gida. Wata rana tana guga tana latse-latsen waya da ɗaya hannun, sai ta ci karo da wani mutum da ya ɗaura guntun itace a kan inji. Itace na juyawa, ya kanga masa wani ƙarfe mai baki kamar cokali, sassaƙe na tashi zara-zara, kafin ka ce me sai ga akushi ya fito sumul. Auta ta saki baki. Ta sake kallo, ta kuma sakewa, sai da ƙaurin rigar mutane ya cika shagon sannan ta tuna da dutsen guga.

A ranar ta tare Yaya, babban wansu, direban motar kaya. Shi tuni ya sa an yayyanka bishiyar gunduwa-gunduwa, ya kuma yi magana da mai faskare ya zo ya kwashe, don itacen ya tare masa wurin ajiye mota.

"Yaya, kada a taɓa itacen nan. Akushi zan yi wa Inna da shi."

"Akushi? Da almakashi ko da allura?"

"Da inji. Akwai injinsa, ana samun na hannu. Duba ka gani."

Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya kalla har ƙarshe yana girgiza kai. "Ke Auta, wannan abin da itace da yatsa duk ɗaya ne a wurinsa."

"Keke ma yana cin yatsa. Ga nawa nan, duba ko akwai wanda ya ɓata."

"Kuma wa ya ce miki in kin yi za ta ci a ciki?"

"Ba wanda ya ce. Amma shekara nawa tana ci a ƙarƙashinsa? Bari a zuba mata a cikinsa mu gani."

Shi ma Yaya ya ga yadda zoben nan ke yawo a yatsan Inna. Ya sosa ƙeya, ya dubi gunduwoyin da har sun fara tsagewa ta baki saboda rana. Daga ƙarshe ya ce gobe da safe zai kai ta rumfar masu sayar da tsofaffin injina. In ta samu wanda za ta iya sarrafawa ba tare da ta bar masa yatsa ba, itace nata ne. In kuwa ba ta samu ba, mai faskare na nan tafe da yamma, kuma kada ta zo masa da kuka.

Da safe suka ɗora gunduwa ɗaya ƙatuwa da wasu guntayen reshe a bayan mota. Auta ko karin kirki ba ta yi ba don ɗoki. Tun da suka hau titi ƙafarta take aiki a ƙasan mota, dunduniya, yatsu, dunduniya, yatsu.

"Ki daina taka min mota, babu birki ta wajenki," in ji Yaya.

"Ni na taka?"

"Ga shi kina yi. Ke ko a layin asibiti ƙafarki ɗinki take yi. Inna ta ce har cikin barci sai kin haɗa riga."

Ta yi dariya ta danne gwiwar da hannu. Ba su kai kwana ta gaba ba ƙafar ta koma bakin aikinta.

Rumfar tana bayan layin masu walda, doguwa, mai rufin kwano, ga warin baƙin mai da tsatsa. Injin niƙa a kan janareto, janareto a kan firji mara ƙofa, fankoki rataye kamar an shanya su. Mai wurin, wanda kowa ke kira Mai Gwanjo, gajere ne mai tumbi da fara'a. Da ya miƙo wa Yaya hannu, sai Yaya ya ga babu kan yatsansa ɗaya. Ya juyo ya zuba wa Auta ido, irin kallon nan na ai na faɗa miki.

Mai Gwanjo ya lura. "Kwantar da hankalinka, direba. Ba inji ba ne. Ƙofar mota ce, irin taku."

Auta ta ƙyalƙyale har da riƙe ciki. Kafin ta gama bayanin abin da ya kawo su, idonta ya riga ya faɗa kan wani ƙaton inji kore shar, sai sheƙi yake kamar yau aka sauke shi. Kai, fenti mugun abu ne! Mace mai hankalinta, wadda ke gane yadi mara kyau ta hanyar murza shi sau ɗaya, sai ga ta tana shafa ƙarfe tana cewa, "Wannan ne. Yaya, wallahi wannan ne. Ɗauko igiya."

"A kunna tukuna," in ji Yaya.

Mai Gwanjo ya danna makunni. Injin ya tashi da gurnani, ƙasa ta ɗauki rawa, wani gwangwanin kusoshi da ke kansa ya kama tafiya da kansa har ya faɗo. Auta ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ta karkata kai, fara'arta ta fara raguwa. Ƙarƙashin gurnanin nan akwai wani ƙwas-ƙwas ƙarami da ke zuwa yana komawa. Ta san irinsa. Keken da ke wannan kukan ba ya kai wata biyu sai ya tsaya maka ranar da aiki ya fi yawa.

"Baba, wannan akwai abin da ke masa ciwo a ciki."

Yaya ya ɗauki sukundireba ya kafa bakinta a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar. "Boris ne, ƙwallayen da sandar ke juyawa a kansu. Ya mutu murus." Da aka kashe, ya kama sandar da ke juyawa ya girgiza, sai ga ta tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita.

Mai Gwanjo ko a jikinsa. "Ai fentin na ce sabo ne, ban ce injin ba. Tunda ku masu kunne ne, ku zo in nuna muku na mutanen kirki."

Na mutanen kirkin mummuna ne na gaske. Launin toka, duk ya kwaile, ga wani tsohon giris ya daskare a gefensa. Auta ta taɓe baki. Amma Mai Gwanjo ya ce ta matso ta ga yadda ake duba irin wannan inji. Yana da tsini biyu, ɗaya a kai, ɗaya a wutsiya, su ke riƙe itace a tsakaninsu. Ya turo wutsiyar a kan doguwar gadar ƙarfen da take zamewa a kai, har tsinin biyu suka zo daf da juna.

"Duba da kyau. In sun haɗu baki da baki, injin na da gaskiya. In ɗaya ya kauce, ko da kaurin gashi ne, duk abin da kika yi a kansa sai ya fito a karkace."

Ta durƙusa ta rufe ido ɗaya, kamar mai zura zare a allura. Tsini ya sumbaci tsini, babu ko kaucewa. Da aka kunna kuwa, sai wani sauti mai laushi, babu rawa, babu ƙwas-ƙwas. Zuciyarta ta sake tashi sama. Ta zaro tef ɗin awo daga ƙarƙashin mayafinta, ta auna daga tsini zuwa gada, ta ruga mota ta auna gunduwar, ta dawo tana haki.

"Za ta shiga! Yaya, ƙatuwar ma za ta shiga!"

Tana faɗin haka hannunta ya mayar da tef ɗin wuya, ya tura shi ƙarƙashin mayafi, kamar yadda ya saba yi kullum ba tare da ya tambaye ta ba.

Mai Gwanjo ya ce ƙatuwar ta jira, sabon hannu da ƙaramin itace yake farawa. Ya ɗaura guntun reshe tsakanin tsinin biyu, ya fara gyara shi da kansa har ya zama mulmulalle. Sannan ya juyo kanta kamar mai binciken fasinja. Ta naɗe hannun riga. Ta cire awarwaro da zobe ta ba Yaya. Ta zagaya bakin mayafin baya ta ƙulle tam. Ya kifa mata wata garkuwar roba a fuska wadda ta sa Yaya cewa ta koma kamar mai walda. Ya damƙa mata ƙarfen nan mai bakin cokali, ya nuna mata inda za ta jingina shi, ya ce kada ta tura, ta bari itacen ya zo ya same shi.

Ta kanga ƙarfen a hankali. Ya yi tsalle. Ta sake, ta ɗan karkata shi yadda aka ce. Sai ga sassaƙe ya fito, dogo, ɗanye, mai sanyi, ya naɗe a bayan hannunta ya faɗi. Wani ya biyo shi, wani ya biyo wancan. Ƙanshin ɗanyen mangwaro ya tashi ya danne warin mai gaba ɗaya.

"Yaya! Yaya, kana gani? Ni ce fa nake yi!"

"Ina gani. Ki dubi gabanki."

Daɗi ya kwashe ta. Kuma tela in aiki ya yi mata daɗi, sunkuyawa take yi, ta kai ido kusa da allura. Haka Auta ta sunkuya. Tef ya sulluɓo daga ƙarƙashin mayafi, bakinsa biyu suka yi lilo, suka taɓa itacen da ke juyawa.

Ba ta ma ji lokacin ba. Ji kawai ta yi an fizge ta ta ƙeya, garkuwar fuskarta ta gwaru da ƙarfe, ƙau! Yaya ya kwarma salati. Mai Gwanjo ya kai wa makunni mari. Abin da ya cece ta shi ne tsufan tef ɗin, don ya taɓa tsagewa ta ɗinke shi da zare, to daidai wurin ya tsinke. Ta yi baya taga-taga ta zauna daɓas a ƙasa. Injin ya ci gaba da juyawa yana ragewa, guntun tef na kaɗawa a jikin itacen, fat, fat, fat.

Yaya ya cire mata garkuwar, ya duba wuyanta. Shatar tef ta fito ja a bayan wuya, kamar an ja mata bulala.

"Tashi mu tafi."

"Yaya, mantuwa ce. Tef ne kawai, da na cire..."

"Da kin cire! Abin da kike kwana da shi kike tashi da shi? Yau kin manta, gobe ma za ki manta, kuma gobe ba kowa kusa da makunni. Inna ta rasa bishiya ta daina cin abinci. In ta rasa ki fa? Ni zan shiga in faɗa mata?"

Auta ta shafa wuyanta. Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ta fi ciwo. Mai Gwanjo ma, da bakinsa ba ya hutawa, sai ya sunkuyar da kai yana warware tef daga jikin itace, yana cewa laifinsa ne da bai duba wuya ba. Yaya ya fice waje, tana jin sa yana neman lambar mai faskare.

Ta ja jiki zuwa can ƙuryar rumfar don kada a ga hawayenta. Ta samu wata tsohuwar kujera kusa da wani tarkace da aka lulluɓe da tampol, ta zauna. Haushin kanta ya ishe ta. Da bakinta ta yi alkawari, da idonta ta ga abin yana yiwuwa, ƙanshin ma har yanzu yana hannunta, sai ga shi ta zubar da komai saboda tef. Tef! Anjima za a faskare mangwaron Inna a ɗaure shi dami-dami, ita kuwa ta koma kai faranti tana dawowa da shi.

Tana wannan tunanin, ƙafarta ta shiga ƙarƙashin tampol ta samu wani faffaɗan katako mai motsi. Ba ta san ta samu ba. Dunduniya, yatsu, dunduniya, yatsu. Wani abu ya yi ƙara a ciki kamar tsohon da aka tasa daga barci. Tampol ya fara kumbura yana sauka. Sai ga wata kyanwa ta yi fitar burgu daga ƙarƙashi, ta bi ta kan firji ta ɓace.

Auta ta zabura. Mai Gwanjo ya ɗago kai, ya tsaya da guntun tef a hannu.

"Ke, ci gaba. Kada ki tsaya. Ci gaba da takawa!"

Ya zo ya yaye tampol, ƙura ta turnuƙe. Da ta lafa, sai ga inji. Ƙafafunsa na baƙin ƙarfe, ga babban wili a ƙasa, ga feda, ga bel na fata ya tashi daga wilin zuwa sama, ga tsini a kai, ga tsini a wutsiya. Babu waya, babu makunni. Auta ta dube shi daga ƙasa zuwa sama, ta ji kamar ta haɗu da ɗan'uwan kekenta a baƙon gari.

"Baba, wannan ma na itace ne?"

"Na itace ne, kuma ya girmi duk abin da ke rumfar nan, har da ni. Na gaji da tallarsa. Duk wanda ya taka, ko ya juya masa da baya, ko cinyarsa ta ɗaure tun bai fara ba. Ke tun yaushe kike takawa yana tafiya daidai haka?"

"Ni ban ma san ina takawa ba."

Ta gyara zama ta sa ƙafa da niyya. Wilin ya ɗauka, ya daidaita, yana wani shuu mai daɗin ji. Ta danna dunduniya, ta kai tafin hannu gefen ƙaramin wilin sama kamar yadda take tsayar da keke in an zo kwanar wuyan riga. Ya tsaya cak. Ta sake tayar da shi, ta sake tsayarwa. Hawayen bai bushe ba dariya ta ƙwace mata.

"Yaya! Yaya, kashe wayar nan ka zo!"

Ya shigo fuska a ɗaure. "Na ce miki mu tafi."

"Zo ka ga wannan tukuna. In ka gani ka ce a'a, wallahi da ƙafata zan shiga mota."

Ba ta yi sakaci irin na ɗazu ba. Ta turo wutsiya ta haɗa tsini da tsini, ta rufe ido ɗaya, suka haɗu. Ta girgiza sandar, ba ta motsa ba. Ta bi gadar da yatsa tana neman tsaga, ba ta samu ba sai tsatsa, ita kuwa tsatsa aikin mai da tsumma ce. Bel ɗin ya bushe ya tsattsage, amma wannan ko dariya bai isa ba, irinsa nawa ta yanka ta haɗa da waya a kekenta? Mai Gwanjo ya ɗiga mai, ya ɗaura guntun reshen nan. Ta karɓi rabin tef daga hannunsa, ta taka har itacen ya ɗauki gudu, sannan ta saki bakin tef a kai da gangan. Ya naɗe, ta riƙe ɗaya bakin gam, ta danna dunduniya. Bel ya zame, itace ya tsaya, tef na hannunta.

"Ka gani? Wancan sai an kashe shi. Wannan ni ce wutarsa."

Yaya ya matso. Ya zagaya injin, ya ƙwanƙwasa nan, ya girgiza can. Sai ya ce ta tashi, shi zai gwada. Ya zauna ya naɗe ƙafar wando, ya taka da ƙarfin mai taka birki. Wili ya yi gaba, ya yi tunani, ya dawo da baya, fedar ta ɗago ta daki tafin ƙafarsa har takalmi ya fita. Mai Gwanjo ya jingina da firji yana share hawayen dariya.

"Direba, wannan ba ya jin lasisi!"

Yaya ya ɗauko takalminsa yana ƙunƙuni, amma gefen bakinsa ya ba da shi. Ya miƙa hannu ya karɓe guntayen tef ɗin biyu ya cusa a aljihu. "Sharaɗi ɗaya. Duk ranar da na ga tef a wuyanki kusa da abin nan, a ranar zan ɗora shi a mota in dawo da shi."

Sai a lokacin Auta ta tuna da ƙatuwar gunduwa. Ta gwada tsakanin tsini da gada da tafin hannu, jikinta ya ɗan yi sanyi. Ƙatuwar ba za ta shiga ba, ko kusa. Babban akushin nan da ta kwana tana gani, wanda za a ajiye a tsakiya kowa ya yi ta kallo, babu shi. Iyakar abin da injin zai ɗauka bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba. Ta tsaya tana kallon mummunan mai launin toka a can, tana kallon wannan.

"Ki tsaga ƙatuwar, ƙanana da yawa za su fito," in ji Mai Gwanjo.

Yaya ya ce a hankali, "Inna ma yanzu nawa take ci?"

Da haka aka ɗaure magana. Mai Gwanjo ya haɗa mata da ƙarafan sassaƙa da garkuwar fuska da wani faifan ƙarfe da ake ɗaure itacen akushi a kai da sukurori, ya nuna mata yadda ake bi daga baki zuwa tsakiya in ana rarake ciki, ya maimaita har sai da ta ce ta ji. Sai da masu walda suka kama kafin injin ya hau mota. Duk hanya Auta na waiwaye tana leƙa shi ta gilashin baya, kamar wani zai sauke shi a kan titi.

A tsakar gida suka kafa shi, daidai inda inuwar mangwaron take sauka da, ƙarƙashin tagar Inna. Mai faskare ya zo da yamma kamar yadda aka yi, Yaya ya ba shi ƙananan rassa da haƙuri ya sallame shi. Na farko da Auta ta gwada, ta yi ta rarake shi cikin murna har ƙarfe ya ɓulla ta gindi, jikoki suka ɗauka suna leƙen juna ta ramin. Na biyu ya tsage. Washegari ta rufe shago, ta rataye sabon tef a ƙusa can cikin shagon, ta dawo ta zauna. Sassaƙe ya taru har idon sawu, ƙanshin ɗanyen mangwaro ya cika gidan, feda na ta aikinta, shuu, shuu, shuu.

Wajen hantsi labulen taga ya motsa.

"Wace ce wannan ta rasa wurin ɗinki sai bakin tagata?"

Auta ba ta ɗago ba. "Ni ce, Inna."

Can sai ƙarar ƙofa, sai jan silifa a hankali. Inna ta fito tana dafa bango, tana ƙifta ido saboda haske, zane ya yi mata yawa. Yaya da ke wanke mota ya tsaya da soso a hannu, ruwa na zuba a takalminsa.

"Ji min ƙazanta. Wa zai share wannan?" Ta sunkuya da ƙyar ta damƙi sassaƙe, za ta nuna musu irin ɓarnar da aka yi mata. Sai hannun ya tsaya a hanya. Ta kai shi hanci. Ta daɗe a haka, ba wanda ya yi motsi.

"Mangwarona ne wannan," ta ce.

"Naki ne, Inna."

Auta ta kwance akushin daga faifan, ta goge shi da gefen zane, ta miƙa mata da hannu biyu. In za a faɗi gaskiya, ba shi da kyau. Gefe ɗaya ya fi kauri, ga wani zane a ciki inda ƙarfe ya kufce, ga ramukan sukurori a gindi. Inna ta juya shi, ta bi bakin da babban yatsa, ta ƙwanƙwasa.

"Bakinsa a karkace."

"Na farko ne da ya rayu, Inna."

"Gindin kuma kamar turmi." Ta waiwaya tana neman wurin zama, ta samu ƙatuwar gunduwar nan da ta ƙi shiga inji, ta zauna a kai, ta ɗora akushin a cinya ta rufe shi da tafukanta biyu. "To, me kuke jira? An sauke abinci ko ba a sauke ba?"

"Inna, ɗanye ne, bai bushe ba tukuna. A bari..."

"Ɗanyensa nawa na ci da gishiri tun ba a haife ki ba? A zubo min a nan."

Yaya, wanda rabonsa da shiga kicin tun yana ɗan makaranta, shi ya jefar da soso ya ruga da gudu, har yana tuntuɓe da bokiti. Auta ta juya baya wai tana share feda, hawaye na ɗiga a kan sassaƙe. Tana jin Inna a bayanta tana kiran jikoki ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar wanda ya bar tsintsiya a rana.